Taki Arba'in daga Tsamiya

Mahaifina bai san mita ba.
Gonarsa ta bayan Arkilla da ƙafa ya auna ta:
taki arba'in daga tsamiya zuwa suri,
daga suri ka bi gamba
har inda ruwa ke kwanciya in damina ta yi tsakiya.
Lissafin duk a kansa yake.
Ranar da muka kai shi makwanci, da shi muka rufe.

Ni ban fito gida da nufin lauya ba.
Tebur na fara kafawa a ƙofar gidan waya,
mai ƙafa uku, ta huɗun bulo,
ina rubuta wa mutane kewarsu a kan kwabo hamsin.
Sai alli, shekara huɗu a firamaren Boɗinga,
albashi na zuwa kamar baƙon da ya ɓata hanya.
Na aje, na bi motar albasa zuwa kudu.
Rabin buhunan sun ruɓe kafin Kwantagora.
Na dawo da wari a riga, bashi a wuya.

Tafinta a kotun majistare, nan idona ya buɗe.
Na ga yadda tsakanin "ya ba ni" da "ya ara mini"
ake samun wata tara a gidan kaso.
Ina da shekara talatin da shida na koma aji,
can hanyar Dundaye,
yara na ce mini Baba, suna aron birona ba su maidowa.

Da na sa baƙar riga na kare ɓarayin awaki,
na kare masu faɗan tasha.
Banki ya ɗauke ni rubuta wasiƙun tsoratarwa
ga mutanen da na san kalar ƙofar gidajensu.
Kuɗi ya zo. Barci ya ƙi.

Sai wata Laraba Inna Ige ta shigo,
ta zauna ƙasa, ta ƙi kujera,
ta kwance baƙar leda cikin baƙar leda.
Takarda ce, gara ta ci sunan mai unguwa.
Fulotinta na Mabera dillali ya sayar wa mutum uku,
kowa da hatiminsa, kowa da shaidunsa.
Na ce, Inna, me ya rage miki?
Ta ce, "Dogon yaro.
Malam ya dasa shi a kusurwa ranar sunan Jabbi,
Jabbi kuwa yau 'ya'yansa biyar."

Muka tafi da Arzika safiyo, rana na dukan ƙeya.
Ya kafa na'urarsa, ni na dafa itacen.
Ban san sadda na fara ƙirga taki ba.

Shekara shida shari'ar ta ci.
Alƙali biyu suka canza, shaida ɗaya ya rasu.
Ba duka ta samu ba, kashi biyu cikin uku.
Ta aiko mini da kwaryar fura da zabo guda.
Tun ranar ban sake karɓar wata shari'a ba sai ta ƙasa:
gado, jingina, haya, diyya,
katangar da ta matsa kamu ɗaya cikin dare.
Duk wanda ya zo nakan ce, rubuta.
Ko ɗan'uwanka ne, rubuta.
Itace na faɗuwa, tsofaffi na tafiya.

Gonar mahaifina?
Gidan mai ne yanzu, da fitilu har asuba.
Takardunsu cikakku ne, na duba da kaina,
ba inda zan sa yatsa.
Tsamiyar ta zama gawayi tun ina Boɗinga.

Wani lokaci in na sha mai nakan fito daga mota,
in tsaya inda nake zaton gindinta yake,
in fara: ɗaya, biyu, uku.
Yaron famfo na kallona.
Na arba'in yana faɗawa daidai wurin mai faci,
shi kuma kullum sai ya tambaye ni
ko wani abu na yar.